Manhajar R wajen haɗa teburin firikwensi da kara-da-ganye: ta iya aiki amma sai ka sa mata ido

Duk wanda ya taɓa zama da tarin lambobi a gabansa, makin ɗalibai ne ko nauyin jarirai ko amsoshin da aka tattaro daga takardar tambayoyi ta furojet, ya san kafin a kai ga wani lissafi sai an sha fama da tsarawa tukun. Lambobi ne birjik ba kai ba gindi, wannan 54 na kusa da ita 23 ta gaba 94, ka kalla ka kalla ba abin da suke gaya maka sai ka jera su ka kasa su rukuni-rukuni. To akan wannan ƙaramin aikin na farko nake so in yi bitar R, wato teburin firikwensi (mai nuna sau nawa kowace lamba ko rukuni ya fito) da zanen kara-da-ganye, manyan abubuwan da ake yabonta dasu irin su rigireshan da zane mai kala-kala mu ajiye su gefe. Ni dai ina sonta kuma duk wanda ya tambaye ni cewa nake ya sauke ta, amma akwai wurare biyu da take yanke hukunci da kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma in baka iya aikin da hannu ba wallahi zaka kwashi abin da ta baka ka miƙa alhali ba shi kake nufi ba.

Ga wanda bai santa ba, R manhajar ƙididdiga ce ta kyauta, malamai biyu ne suka fara ta a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, Ross Ihaka da Robert Gentleman, sigar 1.0.0 kuma ta fito ranar 29 ga Fabrairu 2000. An gina ta ne akan wani yaren kwamfuta mai suna S wanda John Chambers da abokan aikinsa suka fara a Bell Labs tun 1976. Tana hawa Windows da Mac da Linux, a shafin CRAN ake sauke ta, kuma da zarar ta zauna a kwamfuta shikenan bata buƙatar intanet dan irin wannan aikin. Yawancin mutane suna haɗa ta da RStudio, wata manhajar da ake rubuta umarnin R a cikinta, sabida ya fi daɗin kallo, amma duk abin da zan faɗa anan R ɗin ce ke yinsa, ko da RStudio ko babu amsa ɗaya ce.

Abin da ke korar mutane ranar farko shine ba maɓallan dannawa, ka buɗe ta sai kaga farin fili da wata 'yar alama > tana jira ka rubuta umarni. Amma ga aikinmu umarnin kaɗan ne, zaka iya rubuta su duka a bayan katin gayyata. Mu ɗauki misali, a ce makin jarabawa ne na ɗalibai 20, lambobin na haɗa su ne kawai dan bayani:

maki <- c(54, 67, 41, 78, 60, 23, 85, 59, 72, 47, 66, 50, 94, 38, 63, 70, 58, 45, 61, 76)

Shikenan ka shigar dasu. Ka lura fa ta damu da babban baƙi da ƙaramin baƙi, in ka sa suna maki sannan ka kira Maki sai ta ce bata san shi ba.

Yanzu in da biro da takarda zaka yi kara-da-ganye, kowace lamba zaka raba biyu, gomomi su zama kara a hagu, ɗaiɗaiku su zama ganye a dama, 54 ta koma 5 | 4, sai ka jera ganyen kowane layi daga ƙarami zuwa babba. Ga abin da zai fito:

2 | 3
3 | 8
4 | 157
5 | 0489
6 | 01367
7 | 0268
8 | 5
9 | 4

Kaga daɗin abin, ka karkata kanka kaɗan zaka ga siffar histogiram, wato zanen sanduna mai nuna yawan kowane rukuni, tudu a wajen 60 da ɗoriya sannan yana sauka ta kowane ɓangare, amma kuma ba lamba ko ɗaya da ta ɓata, kana iya karanto duka 20 ɗin daga ciki. Midiyan ma, wato lambar da ke tsakiya, ƙirga ganye kawai zaka yi, na 10 shine 60 na 11 shine 61, tsakaninsu 60.5, an gama. John Tukey ne ya yaɗa wannan salon a shekarun 1970, musamman da littafinsa na 1977, masanin lissafi ne a Princeton kuma shi ma ya yi aiki a Bell Labs, lokacin da zana giraf a kwamfuta ba abu ne mai sauƙi ba, dan haka zanen da lambobin da kansu ke zama zane ya samu karɓuwa sosai.

To yanzu rubuta stem(maki) ka danna inta, ga abin da R zata baka:

2 | 38
4 | 1570489
6 | 013670268
8 | 54

Dubi layin farko da kyau. Duk wanda aka koya wa kara-da-ganye a aji zai karanta shi 23 da 28, kuma ba laifinsa bane, haka aka koya masa. Amma babu 28 a makin nan, 23 ne da 38. Abin da ta yi shine ta haɗe gomomi biyu-biyu a layi ɗaya, layin 2 ya ɗauki daga 20 har 39, layin 4 daga 40 har 59, a haka har ƙasa. A layin 4 da na 6 akwai ɗan abin da zai ankarar da kai, ganyen ya hau 1, 5, 7 sai ya faɗo 0 ya sake hawa, wajen faɗowar nan shine inda 40 da ɗoriya suka ƙare 50 da ɗoriya suka fara. Na ƙarshe ma 5 sai 4, mai lura zai ce ya aka yi ganye ya koma baya, sai ya gane 85 ne da 94. Amma na farkon nan 3 sai 8, ba wata alama ko kaɗan, sai dai in ka kalli karan ka ga yana tsallake 2, 4, 6, 8. Kuma bata rubuta maka wani gargaɗi, layi ɗaya take sawa a sama da Turanci tana faɗin inda ɗigon desimal yake, dama da sandar ko hagu da kuma gurbi nawa, daga nan ta yi gum. Irin mabuɗin nan da malamai ke nema a ƙasan zane, 5 | 4 na nufin 54, shi ma kai zaka ƙara da hannunka.

Ba wai kuskure take ba a lissafinta, tana duba yawan lambobin ne da tazarar da ke tsakanin ƙarama da babba sai ta zaɓi yawan layuka da kanta, in lambobin kaɗan ne sai ta matse. Matsalar ita ce masu lambobi kaɗan ɗin su ne 'yan koyo, ɗalibi mai aikin gida na lamba 15 ko 20, wato dai wanda ya fi kowa sauƙin faɗawa ramin shi ake haƙa wa. Maganin ba wuya, a cikin biraket ɗin bayan maki ka sa waƙafi ka ƙara scale = 2, sai ta buɗe zanen ya dawo daidai da na hannun da ke sama, layi 8. In ka kai shi 4 kuma sai ta raba kowane kara gida biyu, 4 na farko ya ɗauki 40 zuwa 44, na biyu 45 zuwa 49, zanen ya miƙe har layi 15 da wasu layukan fayau ba ganye, ga lamba 20 wannan ya yi yawa, siffar ta tarwatse. Dan haka duk sanda ta fito maka da zane, kafin ka kalli ganye kalli karan tukun, yana tafiya ɗai-ɗai ne, yana tsallake ne, ko yana maimaita kansa.

Sai teburin firikwensi, kuma anan ne nake ganin an fi yin ɓarna a ɓoye. Akwai umarnin table, shi ƙirga maka yake kowace lamba sau nawa ta fito. Ga bayanai irin yawan 'ya'ya a gida ko kwanakin da ɗalibi ya yi fashin aji, masu 0, 1, 2, 3 haka, kan ka ce kwabo ta gama, ba sauran zana 'yan sanduna kana ɗaure su biyar-biyar kana mantawa a ina ka tsaya. Abu ɗaya dai, lambar da bata fito ba ko sau ɗaya bata nuna ta da sifili, tsallake ta take, in akwai masu 'ya'ya 2 da masu 4 amma ba mai 3, teburin zai tafi 2 sai 4 kamar 3 bata duniya, sai ka mai da bayanan rukuni-rukuni da umarnin factor ka lissafa mata matakan da kake so sannan ta sa maka 0 a gurbin. Ga makinmu kuwa table shi kaɗai ba amfani, tunda kowace lamba sau ɗaya ta fito zai jero maka 1 har sau 20 ne. Dole a kasa su rukuni, wannan aikin cut ne:

iyaka <- seq(20, 100, 10)
table(cut(maki, iyaka))

Amsar da zata bayar daga ƙasa zuwa sama ita ce 1, 1, 4, 4, 5, 3, 1, 1. Yanzu koma zanen hannun ka ƙirga ganyen kowane layi, 1, 1, 3, 4, 5, 4, 1, 1. Bayanai ɗaya, manhaja ɗaya, amsa biyu. Jimilla duk 20 ce dan haka wanda ya tsaya a duba jimilla kawai zai ce lafiya lau.

Sirrin yana cikin sunan da take ba kowane rukuni, zaka ga ta rubuta (40,50] da biraket mai lanƙwasa a hagu da mai kusurwa a dama, mutane da yawa suna ɗauka ado ne ko kuskuren bugu. Mai lanƙwasa na nufin banda wannan lambar, mai kusurwa na nufin har da ita. Wato rukunin daga sama da 40 yake farawa har zuwa 50 cif, ita 50 ɗin tana ciki. Dan haka duk wanda makinsa ya faɗa daidai kan iyaka sai ya zame rukunin ƙasa, mai 50 ya koma cikin 'yan 40, mai 60 cikin 'yan 50, mai 70 cikin 'yan 60. Abin da ya sa abin ke da wuyar kamawa, rukunin 50 ya rasa mutum ɗaya ya samu ɗaya, na 60 ma haka, sai ƙirgarsu ta zauna 4 da 5 kamar ba abin da ya motsa, a gefe biyu kaɗai bambancin ya fito. Yanzu a ce makin cin jarabawar 50 ne, kana so ka faɗi mutum nawa suka faɗi, ka tara rukunai ukun farko ka samu 6, alhali 5 ne, bawan Allah ya ci 50 cif an lissafa shi cikin waɗanda suka faɗi. A lamba 20 mutum ɗaya ne, amma a bayanan da mutane ke faɗa da baki irin shekaru ko nauyi, inda kowa ke son cewa 30 ko 40 ko 50, masu zama kan iyakar suna da yawa sosai, teburin gaba ɗaya sai ya karkace.

Littattafan makaranta da yawa 40 zuwa 49, 50 zuwa 59 suke koyarwa, in haka kake so sai ka ƙara right = FALSE a cikin cut, sunayen su koma [40,50) ƙirgar ta dace da kara-da-ganye. Ban ce nata salon haramun bane, duka biyun ana amfani dasu, abin da nake ƙi shine mutum bai san an zaɓar masa ba.

Kuma da ka gyara wannan sai wani ya leƙo. Tunda yanzu iyakar sama bata ciki, in akwai haziƙin da ya ci 100 cif kuma iyakarka ta ƙarshe 100 ce, ba rukunin da zai ɗauke shi, sai cut ta mai da shi NA, alamar da R ke sawa a gurbin da ba bayani, shi kuma table a yadda ya zo baya nuna NA, ɗalibin da ya fi kowa ya ɓace daga teburin shiru ba ero ba gargaɗi. Haka duk lambar da ta fita waje da iyakokin da ka bayar, in wani ya buga 940 a madadin 94 bazaka gan ta ba sam. Wannan shine abin da na fi jin haushinsa a duk manhajar, halinta irin na ma'aikacin nan ne da ya ƙware amma baya magana, abin da ka ce shi zai yi ko da yana ganin kaya na zubewa a hanya. Ana rufe ƙofar da include.lowest = TRUE a cikin cut dan rukunin ƙarshe ya haɗa da iyakarsa, sannan useNA = "ifany" a cikin table dan in akwai wanda ya zube a gan shi. Ni kam shawarata kar ka taɓa miƙa tebur sai ka sa sum a kansa ka gwada da length na bayanan, in basu zo ɗaya ba akwai wanda aka bari a baya.

Da zarar rukunan sun zauna daidai sauran sai san barka. Ka ajiye teburin da suna, a ce teb, cumsum(teb) ya baka tarawa 1, 2, 5, 9, 14, 18, 19, 20, prop.table(teb) ya baka kason kowane rukuni, ka ninka da 100 ka samu kashi 5, 5, 15, 20, 25, 20, 5, 5, sai cbind ya jera maka su gefe da gefe tebur guda. Kuma duk wannan layuka ne da ka rubuta ka ajiye a fayil, gobe a ce an gano makin wani 74 ne ba 47 ba, lamba ɗaya zaka canza ka sake gudanar da fayil ɗin komai ya gyaru har zanen. Wanda ya taɓa sake ƙirga da 'yan sanduna daga farko sabida gyaran lamba ɗaya ya san darajar wannan.

Nasan wani zai ce to me ya hana Excel. Gaskiya wajen shigar da bayanai Excel ko Google Sheets ko LibreOffice sun fi R nesa ba kusa ba, ba mai hankalin da zai zauna yana buga lamba 400 a cikin c da waƙafi, a sifiredishit zaka buga ka ajiye a CSV ka jawo da read.csv. Excel yana da FREQUENCY, kuma shi ma iyakar sama yake haɗawa da rukuni irin na R, shi ya sa masu amfani da shi ke rubuta 29, 39, 49 a madadin 30, 40, 50. Ta wani gefen ma ya fi R kirki, yana ƙara gurbi ɗaya a ƙasa na duk abin da ya haura iyakar ƙarshe, dan haka 940 ɗin nan zata fito fili. A tsofaffin sigoginsa sai ka zaɓi gurabun ka danna Ctrl da Shift da Enter tare, sababbin kuma suna zubo amsar da kansu. Amma kara-da-ganye babu shi a Excel, sai dabaru da REPT da COUNTIF, fomula doguwa wadda in ka dawo bayan wata ɗaya kai kanka bazaka gane me ka rubuta ba. A R kalma ɗaya ce.

Wani abu da ke kama da takura amma alheri ne, in a cikin kolum ɗin maki wani ya rubuta harafin O a madadin sifili ko ya rubuta "bai zo ba", R zata ɗauki kolum ɗin gaba ɗaya a matsayin rubutu, stem kuma ya ƙi aiki ya ce lambobi yake so. Anan kam ta yi magana, kuma gara haka.

Maganar rukuni nawa ya kamata a yi, wadda ɗalibai ke yawan tambaya. Akwai ƙa'idar da Herbert Sturges ya kawo a 1926, 1 a tara da 3.322 sau log10 na yawan lambobin, ga lamba 20 tana bada 5.3, a ɗaga zuwa 6. Umarnin hist da ita yake farawa, amma in ka zana hist(maki) sanduna 8 zaka gani ba 6 ba, sabida ya fi son iyakoki masu daɗin karantawa irin 20, 30, 40 akan ya raba 71 gida 6 ya baka faɗin 11.8. Anan ina bayanta ɗari bisa ɗari, ƙa'idar Sturges jagora ce kawai, tebur mai rukunin 23 zuwa 34.8 ba wanda zai karanta shi ya fahimci komai. Sai dai ka tuna hist ma iyakar sama yake haɗawa, shi ma yana karɓar right = FALSE, in ka gyara a tebur baka gyara a zane ba sai su saɓa a shafi ɗaya.

In kana so kaga inda take haskawa, tana zuwa da wasu bayanai na gaske a cikinta dan gwaji, ɗaya sunansa faithful, ma'aunin feshin wani marmaron ruwan zafi ne mai suna Old Faithful a gandun Yellowstone na Amurka, feshi 272. Tsawon feshin daga minti 1.6 ne zuwa 5.1, aberej ɗinsa wajen 3.5. In aberej kaɗai aka baka zaka ce to yawanci minti uku da rabi yake yi. Rubuta stem(faithful$eruptions) ka sha mamaki, tudu biyu ne, ɗaya a wajen minti 2 ɗaya a wajen 4 da rabi, tsakiyar kuma wajen minti 3 kusan fayau, wato marmaron ko dai ya yi gajeren feshi ko dogo, aberej ɗin ya faɗa ne kusa da kwarin da ba kowa. Wannan shine dalilin da ya sa ake tsara bayanai kafin a fara lissafi, kuma cikin daƙiƙa ɗaya ta nuna maka. Ko anan ma karan tsallake yake, 16, 18, 20, dan haka abin da na faɗa a sama bai tsaya ga ƙananan bayanai kaɗai ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata mai saukewa ya sani. In lambobin masu ɗigo ne kuma sun fi abin da ganye ɗaya zai ɗauka, R kusantarwa take ba yankewa ba, 4.37 ta zama 4 | 4, alhali littattafai da yawa yankewa suke koyarwa ta zama 4 | 3, kuma 49.6 tana iya tsallakawa layin 5 a matsayin 50. In malaminka ɗan yankewa ne sai ka yanke da kanka da floor ko trunc kafin ka miƙa mata. In layi ya yi tsawo ya wuce faɗin da aka saita, wanda 80 ne, sai ta datse shi ta rubuta + da adadin ganyen da suka rage, wanda dama alama ce cewa bayananka sun fi ƙarfin kara-da-ganye, koma histogiram. Bata da kolum ɗin ƙirgar nan na gefen hagu da manhajar ƙididdiga ta Minitab ke sawa mai nuna layin da midiyan yake, kuma bata yin na baya-da-baya, wanda ake sa kara a tsakiya aji ɗaya a hagu ɗaya a dama dan kwatantawa, wannan rashin kam ina jinsa sabida shine amfanin zanen da ya fi burge ni. Sai ka sauke ƙarin fakej mai suna aplpack, a ciki akwai stem.leaf da stem.leaf.backback, suna yin duka biyun har da mabuɗi a sama. Wanda kuma rubuta umarni ke ba shi ciwon kai akwai R Commander na John Fox, yana ɗora menu akan R, kara-da-ganye na cikin jerin zanensa, dannawa kawai.

Wajen kai zanen cikin rahoto ma akwai ɗan abin lura, stem bugawa kawai yake a sikirin, baya baka abin da zaka ajiye da suna kamar tebur, sai ka kwafa ka liƙa ko ka bi ta capture.output. In ka liƙa a Word ka mai da rubutun Courier New ko wani fon da kowane harafi faɗinsa ɗaya, in ba haka ba gurabun hagu su motse sandunan su daina zama a layi ɗaya, zanen da tsawon layi shine duk ma'anarsa ya zama shirme.

Shafukan taimakonta, waɗanda kake samu in ka rubuta ?stem ko ?cut, komai na ciki amma a taƙaice ƙwarai, an rubuta su ne dan wanda ya riga ya sani, ɗan koyo zai karanta sau biyu bai ga inda aka ce masa hattara ba. Dan haka ɗalibin da ke shirin jarabawar da za'a bashi lamba 20 da biro, ya fara iya yi da hannu, daga baya ya riƙa gwada amsarsa da R. Mai furojet ko malami mai makin aji da yawa ko ma'aikacin da ke haɗa rahoto duk wata, wannan kam ya sauke ta yau. A waya babu sigarta ta hukuma, ana iya buɗe ta ta burauza a irin su Posit Cloud amma sai da intanet, kuma neman alamar < da $ da biraket a kibod ɗin waya kana bugawa yana gyara maka kalma zuwa wata daban, ban ba kowa shawarar wannan ba sai in ba yadda zai yi.